Aikin tiren katako na falo: yadda ake ciki

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Bismillah. Na yanke shawarar haɗa tiren katako da hannuna wanda za a riƙa kawo wa baƙi shayi da ruwa a falo, dan gaskiya na silban nan da muke da shi ya loɓe a tsakiya, in ka ɗora fulas da kofuna duk sai su gangaro waje ɗaya, na roba kuma bai dace da falo ba ko kaɗan. Ba wani abu mai ado nake so ba, kawai mai ƙwari wanda zai daɗe. Maman yara ta jera min fulas babba da kofuna huɗu da ɗan faranti na dabino a kan tebur na auna da tef, ya kama cikinsa ya zama inci 18 tsawo, inci 12 faɗi. Bangon gefe inci 2, na kawuna biyun inci 3 dan a nan zan huda wajen riƙewa. Ƙusa ba za ta shiga aikin nan ba in sha Allah, gam da haɗi kawai. Burina ya kammala kafin azumi, wanda ake sa ran zai kama farkon Maris.

Akwai wani dattijon kafinta a bakin layinmu, Baba muke ce masa, ya ce in zo in riƙa amfani da bencinsa ran Asabar da Lahadi da yamma.

Asabar, 9 ga Nuwamba

'Yan Katako na Na'ibawa na je da safe. Baba ya riga ya ja min kunne kan abubuwa: kar in ɗauki farin katakon nan mara nauyi dan ƙwaro na sonsa kuma ko farce ka danna sai ya loɓa, malaina ba laifi amma ba ta da kalar da za ta ɗauki ido, kawo kuma ya yi nauyi da tauri ga wanda bai saba ba. Madaci ya ce in nema. Madacin da muka sani dai, wanda ake saran ɓawonsa a jiƙa a sha, wanda Turawa suka jera a bakin titunan unguwar Nasarawa ta Kano da Kaduna da Zariya, amma yawancin wanda ake sayarwa a falanki ɗan'uwansa ne na kurmi da tirela ke kawowa daga kudu, ya fi namu sauƙin nauyi.

Na daɗe ina juya falankai kafin in samu wanda ya kwanta min, ja-ja mai duhu, ba ido a jikinsa, kuma na duba bakinsa babu tsagewa mai zurfi. Cikakken falanki ƙafa 12 ne, inci 12 faɗi, kauri inci 1, ni rabi nake buƙata, da kyar mai kayan ya yarda ya raba dan ya ce ragowar zai kwantai. Mun daidaita a ₦7,000, adaidaita zuwa da dawowa ₦1,500. Da na ɗora tafin hannu a inda zarto ya yanka sai na ji sanyi-sanyi, garin ma da ya zubo yana dunƙulewa a yatsa, ma'ana da sauran ruwa a cikinsa. Shi ma mai kayan bai ɓoye ba, ya ce Malam sabon zuwa ne, sai ka bar shi ya sha iska.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Na yanka shi gida uku, biyu masu inci 20 sai ragowar, dan guntu ya fi saurin bushewa kuma ya fi sauƙin dannewa. Na narka kyandir na shafe bakunan duka, saboda ta baki ruwan ke gudu da sauri, in baki ya bushe ciki na ɗanye a nan tsagewa ke farawa. Na jera su a ɗakin ajiya inda rana ba ta shiga, na sa siraran katakai tsakaninsu dan iska ta ratsa ta sama da ƙasa, na ɗora bulo biyu a kai. Guntu ɗaya na auna a sikelin kicin, kilo 2.9, na rubuta a jikinsa da fensir. Ran da nauyin ya daina raguwa ran ne ya bushe, wannan ce kawai hanyar da nake da ita tunda ba ni da na'urar gwaji.

Juma'a, 22 ga Nuwamba

Kilo 2.7. Hazo ya fara sauka.

Asabar, 30 ga Nuwamba

To ga matsala ta farko. Guntun da na ware ma ƙasan tiren ya lanƙwashe ta faɗinsa kamar indararo, duk da bulon da ke kansa. Na kife shi a kan tayil na zura fensir ta ƙarƙashin tsakiyar ya wuce salin alin. Raina ya ɓaci sosai dan shi ne mafi kyan zane a cikinsu, ina ta tunanin yadda zai fito fili guda ba haɗi.

Na ɗauka na kai wa Baba, ya juya bakin ya kankare kyandir ɗin da wuƙa ya nuna min layukan nan masu baka-baka na shekarun bishiya. Ya ce yaro duba nan, wannan daga gefen gungume aka yanko shi ba ta tsakiya ba, irinsa in yana bushewa layukan nan miƙewa suke son yi, shi ya sa gefunan ke ɗagawa su guji zuciyar icen, ko tirela ka ɗora masa in ka sauke zai koma. Na ce Baba to yanzu asara ke nan? Ya ce a'a, tsaga shi za a yi gida huɗu ta tsawo, kowanne kusan inci 3, a gyara kowanne shi kaɗai, sannan a haɗa ana juya su, wannan bakansa sama na kusa da shi ƙasa, sai su riƙa riƙe juna. Faɗin ba zai isa ba bayan zarto ya ci nasa, za a ciro tsagi ɗaya daga ragowar a cika.

Ya kuma gaya min abun da ya sauya min duk tsarin. Ni da niyyata in shafa gam in manne ƙasan da bangon ta kowane gefe. Ya ce katako ba ya daina motsi ko bayan ya bushe, da hunturu ya tsuke da damina ya kumbura, kuma ta faɗi yake yi, ta tsawo kusan babu. Shi ya sa ƙofar katako ke cijewa a watan Agusta ta saki a Janairu. Ƙasan mai inci 12 in an haɗa shi yanzu da iska ta bushe ƙamas, a mafi ƙanƙantarsa aka haɗa shi, da damina zai nemi wuri, in bai samu ba sai ya ture kusurwoyin su buɗe. Dan haka kwarmi za a yi a jikin bangon ta ciki, ƙasan ya shiga ya zauna sake ba gam, a bar masa rata.

Asabar, 7 ga Disamba

An tsaga da zarton hannu, na mayar da su jeri. Hannuna ya yi kanta.

Asabar, 14 ga Disamba

Guntun awo ya tsaya a kilo 2.55 tun makon jiya bai motsa ba, yanzu in ka ƙwanƙwasa shi ƙara yake yi tangaran. Na ɗauka zuwa wajen masu inji dan a yi filen, wato a fere shi ya yi sumul, na tarar ba wuta, kuma sun ce ba za su tada janareta kan ɗan aikina ba sai in akwai manya a layi, ban ga laifinsu ba da tsadar man nan. Na bar kayan a can.

Talata, 17 ga Disamba

Na biya bayan an tashi daga aiki na karɓo. Bango milimita 15, na ƙasa milimita 10, an kuma yi kwarmin da zarton inji, faɗi milimita 6 zurfi 7. ₦2,500. Injin ya fizgi jijiya a wurare biyu ya bar 'yan ramuka, madaci haka yake, jijiyarsa sarƙe take, layi ɗaya ya yi nan na kusa da shi ya yi can, duk ta inda ka bi da wuƙa wani zai tashi. Wannan sarƙewar ce kuma ke ba shi ratsin nan mai sheƙi da ke canzawa in ka juya shi a haske. Samfefa za ta gyara.

Asabar, 21 ga Disamba

Haɗa ƙasan. Gam ɗin Top Bond ƙarami ₦2,000, robar tsohon tif ɗin mashin da aka tsaga ₦500 wajen mai faci. Baba na da kilam, ƙarfen matse katako, biyu kawai kuma suna kan aikin wani gado, to roba ce ta yi mana. Kafin gam sai da muka riƙa haɗa baki da baki muna ɗagawa sama ta wajen haske, in haske ya ratso a koma da filen hannu a ɗan shafa, dan gam ba ya cike rata, baki biyu da suka kwanta luf yake riƙewa. Abu ɗaya da ban yi zato ba, a iskar nan gam na yin fata cikin 'yan mintuna, kana shafa na uku na farko ya fara bushewa, dole muka yi biyu-biyu sannan muka haɗe. Na shimfiɗa leda a ƙasa, katako a miƙe sama da ƙasa dan kar robar ta tanƙwara shi, aka naɗe tamau. Gam ɗin da ya tsattsafo na bari ya ɗan daskare na kankare da cizal, in ka goge da jiƙaƙƙen tsumma yana shiga ramukan jijiya ya fito fari-fari bayan an shafa banish.

Lahadi, 22 ga Disamba

Na kwance, a miƙe yake sambal, Alhamdulillah. Sai ka ƙura ido kafin ka ga layin haɗin.

Asabar, 28 ga Disamba

Yau an yi gaba an yi baya. Mun yanka kusurwoyi a digiri 45 da zarton hannu cikin ɗan akwatin yanka da Baba ya haɗa tun da daɗewa, sun fito da kyau. Sai wajen riƙewa: na auna inci 4 a tsakiyar kowane kai, na huda rami biyu da bakin dirila mai inci 1 ɗaya a kowane ƙarshe, ana hudawa rabi ta wannan fuska a juya a ƙarasa ta waccan dan kar bayan ya ɓalle, sannan a cire tsakiyar da cizal a gyara da magagari. Na farko ya fita lafiya. Na biyu ina cikin gogawa da magagari sai na ji ƙas, siririn katakon da ke saman ramin ya dare tun daga ramin har baki. Da muka buɗe sai ga cikin tsagin ya yi duhu, ba sabo ba ne, tsohuwar tsagewa ce siririya da ta shigo daga bakin falankin tun kafin ya zo hannuna, filen ya shafe ta ido bai gani.

Yaron shagon Baba ya ce a ɗura gam a matse ai zai riƙe. Zai riƙe ɗin, amma nan ne fa hannu zai kama, ga fulas cike da ruwan zafi a kai, ga yara na yawo a falo, ni hankalina ba zai kwanta ba. Baba ma ya girgiza kai ya ce a sake. Allah ya sa akwai ragowa, sai dai ba a yi mata filen ba, sai an koma inji. Ya koya min wata dabara, kafin ka yanka ka shafa ɗan tafintin ko ruwa a bakin katakon, in akwai tsagewa za ta sha ta fito baƙin layi.

Alhamis, 2 ga Janairu, 2025

Inji karo na biyu, ₦1,000. Na sa an yanko daga tsakiyar ragowar nesa da baki.

Asabar, 4 ga Janairu

Sabon kan ya fita lafiya, na kuma ɗan sauko da ramin ƙasa dan naman da ke sama ya kai kusan inci 1, ɗayan ma ya yi daidai da shi in ba ka sa tef ba. Na rage bakin ƙasan ta baya da filen har ya koma milimita 6 ya shiga kwarmi, ta faɗi na bar rata milimita 3 kowane gefe, ta tsawo milimita 1 kawai. Na goge fuskokin ciki da samfefa tun kafin haɗawa dan in an haɗa hannu ba zai shiga lungu ba. Na goga kyandir a kusurwoyin ƙasan saboda ko gam ya zubo kar ya kama shi. Ɗigon gam ɗaya tak na sa a tsakiyar kowane kai dan ƙasan ya tsaya a tsakiya, motsin ya rabu biyu.

Bakin katako shan gam yake yi, to sai an fara shafa siriri a bari ya sha sannan a ƙara. Muka naɗe da roba, na auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta nan da ta can, akwai bambancin milimita 2, na ɗan matse doguwar da hannu har suka zo ɗaya.

Asabar, 11 ga Janairu

Haɗin 45 shi kaɗai ba shi da ƙarfi tunda baki da baki ne, in tire ya faɗi sau ɗaya zai iya buɗewa. Mun tsaga kowace kusurwa wuri biyu da zarto mai kauri muka cusa 'yan siraran katako da gam, jijiyarsu ta gilma haɗin. Baba ne ya shiga ciki ya ɗauko wani guntun madobiya da ya ce ya fi shekara goma a wajensa, ruwan zuma mai baƙin ratsi, ƙamshi na tashi da zarto ya taɓa shi. Ya ce da can ba a ɗauke shi a bakin komai ba, sai da aka fara lodinsa daga dazukan Taraba zuwa Chana, masu harkar na ce masa Madrid, kafin a farga an kusa ƙarar da shi. A 2016 ne aka sa shi cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe, a 2022 kuma a taron Panama aka ƙara da madaci da kawo na Afirka. Abun ya tsaya min a rai, icen da nake gogewa ɗin ma ya shiga lissafin waɗanda ake tsoron ƙarewarsu, ko ɓallin da ya faɗi ƙasa yau tsincewa na yi na sa a leda.

Lahadi, 12 ga Janairu

Samfefa wuni guda, mai kaushi lamba 80 a inda inji ya fizga, sai 120, 180, 220, kullum ana bin jijiya. ₦2,400 duka. Ƙurar madaci ɗaci gare ta har maƙogwaro ga atishawa, takunkumi dole. Kafin ta ƙarshe na shafa jiƙaƙƙen tsumma gashin katakon ya tashi ya bushe na kwantar da shi. Wajen riƙewar na fi daɗewa a kai, na naɗa samfefa a guntun sandar tsintsiyar moɓa ina zagayawa har babu inda ke cin yatsa.

Asabar, 18 ga Janairu

Banish. Masu feshi sun ce in kawo su fesa min da irin wanda suke yi wa gadaje, yana bushewa nan take, amma shi ba ya jure zafi da ruwa, gindin kofin shayi na barin farin zobe. Wani ya ce man gyaɗa, shi kuma ba ya bushewa, yana daɗewa zai fara hamami ya riƙa kama datti. Na sayi banish ɗin foliyuritan mai mai ƙaramin gwangwani ₦6,500, tafintin ₦1,500, buroshi ₦800.

Na shafa da la'asar a baranda, ya kwanta gwanin kyau, jan nan ya fito har maman yara ta kira yara su zo su gani. Cikin dare iska ta taso da hazo, shi kuma irin wannan yana ɗaukar awanni yana danƙo, da asuba na shafa hannu na ji duk tsakuwa-tsakuwa, ƙura ta zauna ta bushe a ciki, har da gashin buroshi biyu da wani ɗan ƙwaro a kusurwa. Ga shi ya taru ya yi kauri a lungunan ciki, ina tsoron ma kar ya gangara kwarmi ya manne ƙasan da na sha wahalar bar wa rata. Na bi layin da bakin reza a hankali na yanke shi. Ba a goge shi yanzu, in bai bushe sosai ba dunƙulewa yake yi a samfefa, sai mako mai zuwa.

Asabar, 25 ga Janairu

Na goge da 320 har ya koma sumul. Wannan karon na sirka banish da tafintin rabi da rabi, na ajiye buroshi na ɗauki tsumman tsohuwar singileti, a shafa siriri a share, yana daina danƙo da wuri ƙura ba ta samun lokaci. A ɗakin ajiya na yi, na yayyafa ruwa a ƙasa tukuna, na rufe taga, na kifa babban kwali a kai na ɗan ɗaga gefe da dutse dan iska. Sama da ƙasa duka ake shafawa daidai, in fuska ɗaya ta rufu ɗaya na buɗe zai sha damshi ta gefe guda ya sake lanƙwashewa. Tsumman kuma a baje shi a waje ya bushe kafin a zubar, ba a dunƙule shi a jefa kwandon shara dan yana iya ɗaukar zafi ya kama wuta.

Laraba, 29 ga Janairu

Shafa ɗaya kullum da daddare, gogawa kaɗan da 400 tsakani. Ba ƙura.

Asabar, 8 ga Fabrairu

An gama shafa tun farkon mako. Bai yi ƙyallin nan na gilashi ba kuma haka na fi so, kana jin katako a hannu. Na liƙa 'yan robobi huɗu a gindi ₦500 dan kar ya karce teburin. Yaron shago na ba shi ₦2,000, Baba kuwa ya ƙi karɓar ko sisi, ya ce in dai kawo masa shayi a kai ya gani, zan haɗa masa da sukari da gero na azumi in sha Allah.

Jimilla ₦28,200, kuma fiye da rabin banish da gam sun rage. Na san da kuɗin nan zan sayi na kanti har da canji, sai dai yawancinsu garin katako ne da aka matse aka liƙa wa leda, ruwa na shiga ta gefe ya kumbura shikenan.

Na gwada shi da bulo ɗaya na ɗaga ta wajen riƙewa na zagaya tsakar gida, ko ƙara bai yi ba. Ya bushe a hannu amma banish mai mai na ɗaukar kusan wata kafin ya yi tauri har ciki, to na hana a ɗora masa abu mai zafi sai azumi ya kama, yanzu yana saman kabad an rufa masa ƙyalle. Kan da ya dare ɗin nan da sauran guntaye za su isa 'yan matasan kofi guda huɗu masu inci 3, su zan fara mako mai zuwa tunda akwai ragowar banish. Na kuma ja layin fensir siriri ta ƙarƙashi inda ƙasan ya haɗu da bango kowane gefe, in Allah ya kai mu Agusta zan juya shi in auna nawa ya shige cikin kwarmin, in milimita 3 ta yi kaɗan na gaba sai in ƙara zurfi.